Tozon da Ya Kusa Cinye Aikina

Aski ne abu na farko da na taɓa tambayar farashinsa da sunan gwamnati, kuma saura kaɗan wanzamin ya yanki kunnen wanda yake yi wa askin saboda dariya. A bakin kasuwar Rano ne, a rumfar Malam Sa'idu, mutumin da tun ina ƙarami shi yake aske ni. Na tsaya a kansa da fom da biro, na gyara murya na ce, "Malam Sa'idu, nawa ne aski, kan babba guda, ban da gyaran fuska?" Ya ɗago ya ƙare mini kallo ya ce, "Kai Habu, shekara nawa kana zama a tabarmar nan? Ko yau gwamnati ce ta tara gashi?"

Ku yaran yanzu da aka damƙa muku waya kuna dannawa, kuna cewa tattara farashi ai yawon kasuwa ne kawai ake biyan mutum a kansa, ku gyara zama. Na fara aikin nan ana gab da mayar da mulki hannun farar hula, na yi shekara ashirin da 'yan kai a cikinsa, kuma har na ajiye shi ban daina jin daɗinsa ba. Amma sauƙi kam babu.

Wanda ya koya mini, Malam Garba mutumin Dawaki, yana tsaye a bayana ranar askin nan. Shi ya fitar da ni kunya. Ya tsuguna kusa da wanzamin ya ce, "Malam Sa'idu, bari in faɗa maka inda maganar take tafiya. A can manyan ofisoshi akan tara duk abin da ƙasa ta samar a shekara, dawa da gyaɗa da man fetur da ɗinkin tela da askinka, a raba da yawan mutane, a ce ga rabon kowane kai. Daga nan sai a mai da shi dala don a gwada mu da sauran ƙasashe. To nan gizo yake saƙar. Kuɗin askin nan naka in ka kai wa ɗan canji, abin da zai ba ka ko ruwan sha ba zai saya maka a Turai ba. Amma ai aski aski ne. Kan da ka aske a Rano da wanda aka aske a can duk tas suka fita. Saboda haka sai an san abin da kuɗin kowa yake iya saya masa a garinsu, kafin a ce wane ya fi wane."

Malam Sa'idu ya riƙe askarsa a sama ya ce, "Ashe askina yana cikin arzikin ƙasa?"

"Yana ciki dumu-dumu."

"To yaro, rubuta da kyau, kada ka rage mini."

Wallahi ranar ji na yi kamar an naɗa mini rawani. A ce lambar da na rubuta a rumfar wanzami za ta hau mota ta je ofishinmu na Kano, ta wuce gaba, har a aza ta kusa da ta wani wanzamin da ban san sunan ƙasarsu ba! Tun daga nan aikin ya shiga raina.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai sikelin hannu mai ƙugiya, wanda nake naɗewa a tsumma kamar jariri don kada tsatsa ta taɓa shi. Akwai ƙaramar jakar buhu da nake zuba abin da za a auna, wadda na san nauyinta ita kaɗai don in riƙa cirewa. Akwai fom, da allon katako mai maƙali, da biro biyu, da leda don damina. Sai tsohon babur ɗina, wanda ba ya tashi sai an lallashe shi. Sai kuma littafin kwatance, wanda yake faɗa maka ainihin irin kayan da za ka tambaya, don kada wannan watan ka rubuta shinkafa 'yar Hausa, wata mai zuwa ka rubuta 'yar waje, ka zo kana ihu farashi ya tashi.

Wata rana a layin masu atamfa na tambayi kuɗin turmi, mai kayan ya faɗa, na duƙa zan rubuta. Malam Garba ya sa yatsa ya danne biron. Ya ce, "Wannan kuɗin baƙo ne. Tsaya." Muka koma gefe muka yi kamar muna duba yadi. Wata mata ta zo ta taya, aka ce albarka. Ta ƙara, aka ce albarka. Ta juya ta yi taku uku, aka kira ta, aka yi ta ja har mai kayan ya ce ya sallama. Malam Garba ya zungure ni ya ce, "Yanzu rubuta. Farashi ba abin da baki ya fara faɗa ba ne, abin da hannu ya miƙa ne." Turmi ɗaya ya ci mana kusan rabin awa a tsaye. Fom ɗin kuwa layinsa ya fi ɗari, sai ku lissafa da kanku.

Shekarar da aka aiko mana da dogon jerin kaya na gwada ƙasashe, na sha dariya har na gode Allah. Jerin iri ɗaya ne aka raba wa ƙasashe da yawa, don haka akwai abubuwan da ko a mafarki mutumin Rano bai taɓa saye ba. Akwai layin da ya ce a rubuta farashin abincin mage na gwangwani. Na je kantin wani Alhaji na tambaya, don aiki aiki ne. Ya ce, "Abincin me?" Na maimaita. Ya kira maƙwabcinsa ya ce, "Zo ka ji, wai a wata ƙasar mage har cefane ake yi mata." Maƙwabcin ya ce, "Rubuta ɓera, kyauta." Akwai kuma layin giya, a daidai lokacin da aka ƙaddamar da shari'a. Wannan kam ban tambayi kowa ba, tun daga kan babur na rubuta babu.

To amma uwar aikin duka ita ce kwano. Mutanenmu ba sa sayen hatsi da kilo, da kwanon awo suke saye, kuma kwanon wannan kasuwa ba lallai ya zama na waccan ba. Wani ya lotsa, wani an bubbuga gindinsa, wani ma'aunin yana yin tozo, wato tudun nan da hatsi yake yi a saman kwano, wani yana shafewa. Su kuwa masu gwada ƙasashe ba ruwansu da kwanonmu, kilo suka sani. Don haka sai in ce wa ma'auni ya auna mini kwano ɗaya, in juye a jakata, in rataya a sikeli, in rubuta nauyin da kuɗin, sannan in mayar masa da hatsinsa. A ofis sai a raba kuɗin da nauyin, a fitar da kuɗin kilo ɗaya. In kwano ya yi nauyi, kilo ya yi araha. Ku riƙe wannan, don a nan na faɗi.

Shekarar da ta kusa kai ni ƙasa, Malam Garba ya riga ya yi ritaya ya koma gonarsa, aka ƙara mini kasuwar Kibiya a kan ta Rano. Lokacin ko'ina ka juya wa'azi ake yi a kan tauye mudu, a masallaci, a rediyo, a bakin tasha. Ni ban kawo komai a raina ba. Na ɗinka sabuwar shadda fara, na ɗaure sikelina a bayan babur, na nufi Kibiya ranar kasuwa ina ta murna an faɗaɗa mini ƙasa.

Irin tarbar da aka yi mini a layin 'yan hatsi ban taɓa ganin irinta ba. Ina fito da sikeli sai ga benci, sai ga ruwan randa mai sanyi, wani ma har fura ya aika aka damo. Babban ma'aunin layin, wani dattijo mai suna Baba Tanimu, shi da kansa yake tashi ya auna mini, yana cewa, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. A duba da kyau." A Rano kuwa sai in yi ta magiya kafin ma'auni ya kula ni, wani ma ya ce in bari sai ciniki ya lafa. Na ce a raina lallai mutanen Kibiya sun san darajar ma'aikaci. Har gida na je ina ba da labarin farin jinina.

Wata uku ina kai fom, sai shugabarmu ta Kano ta aiko a kira ni. Hajiya Binta ke nan, mace mai gilashi wadda in ta kalli lamba sau ɗaya sai ta gane ko ta je kasuwa ko ba ta je ba. Ta shimfiɗa takarduna a tebur ta ce, "Malam Habu, ana tsakiyar damina, rumbuna sun yi ƙasa, kowace kasuwa hatsi yana hawa. Kai kuma dawarka da geronka da masararka na Kibiya, in aka mai da su kilo, sun fi na ko'ina araha. Rano tana nan kusa, mota tana zuwa kullum. Me ya hana 'yan kasuwa su kwashe na Kibiya su kai can?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, abin da sikeli ya nuna na rubuta."

Ta ce, "Ko dai aikin gindin mangwaro ne?"

A ofishinmu in an ce aikin gindin mangwaro, ana nufin ma'aikacin da ya sami inuwa ya zauna ya cika fom da ka, bai taka kasuwa ba. Hukuncinsa kora ne, babu jan kunne. Na rantse mata, ta ce rantsuwa ba ta shiga fom. Ta ce, "Ka san abin da lambobin nan suke cewa? Cewa suke yi kuɗin mutumin Kibiya yana saya masa abinci fiye da yadda yake saya. Ka mai da su masu hali a takarda. In kowa ya kawo irin wannan, sai a ce ƙasar nan ta ƙoshi. Kasuwar Kibiya mai zuwa ina nan tafe da kaina. In na ga ba haka ba, ka ajiye mana sikelinmu."

Ina da mata da 'ya'ya uku a lokacin, ba ni da wata sana'a. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne a kira ni maƙaryaci a kan aikin da nake shan rana dominsa. Da na dawo Rano na fara zargin sikelin. Na sayi gishiri na leda mai nauyi a rubuce na rataya, allura ta tsaya daidai. Na gwada da sukari, daidai. Na duba lissafina sau uku. Ana gobe kasuwa na hau babur na tafi Dawaki.

Na sami Malam Garba a gona yana noman gyaɗa. Na zayyana masa komai, har da irin karramawar da ake yi mini, don in nuna masa ba ni da abokin faɗa a can. Ya dogara da fartanyarsa ya ce, "Benci suke ba ka?"

"Har da fura, Malam."

"Suna ce maka ranka ya daɗe?"

"Kullum."

Ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Habu, rashin sani ya fi dare duhu. A Rano an san ubanka, an san abin da kake yi da sikelin. A Kibiya wa ya san ka? Baƙo da farar shadda da takarda da sikeli, a shekarar da ake wa'azin tauye mudu. Kai in kai ne ma'aunin, wa za ka ɗauka ya zo?"

Ya sake ɗaukar fartanyarsa. Ya ce, "Ban ce haka ne ba, don ban gani ba. Amma mai tattara farashi in ya ga ana girmama shi a kasuwa, to ya binciki kansa."

Ba ni da sauran ranar gwaji, domin washegari Hajiya Binta ta sauka daga motar Kano a tashar Kibiya da hantsi. Na tare ta tun kafin ta shiga kasuwa. Na ce, "Hajiya, alfarma ɗaya nake roƙo. Ki cire gilashin nan, ki bar jakar ofis a wurina, ki shiga ke kaɗai kamar mai cefane. Ki je wurin dattijon da yake farkon layin 'yan hatsi, ki sayi dawa kwano ɗaya. Kada ki ce kin san ni. In kin fito ni ma zan shiga."

Ta ce, "In kuma nawa da naka suka zo ɗaya fa?"

Na ce, "Sai in miƙa miki sikelin a nan."

Ta shiga. Ina tsaye a bayan wata motar ɗaukar kaya, ban san adadin salatin da na yi ba. Can ta fito da ƙullin dawa a baƙar leda. Na karkaɗe shaddata, na fito da sikeli fili, na shiga, tana biye da ni daga nesa.

Baba Tanimu yana hango ni ya miƙe. "Maraba, ranka ya daɗe! A kawo benci." Na ce a auna mini dawa kwano ɗaya. A ranar ne na fara kallon hannunsa, maimakon in riƙa kallon fom. Ya nutsa kwanon ya cika, ya ɗora tozo, ya ƙara wani tozon a kai, sannan ya kewaye bakin kwanon da hannunsa na hagu ya tare, ya ci gaba da zubawa har dawa ta hau damtsensa. Haka ya ɗago da kwano da hannu da komai ya juye a jakata. Wata uku ana yi mini haka a gaban idona!

Na rataya nawa, na kira nauyin da ƙarfi. Hajiya ta matso ta miƙo ledarta, na juye, na rataya. Allura ta tsaya can baya, tazarar da ko makaho zai shafa ya ji. Na daka tsalle a tsakiyar kasuwa, da girmana da shaddata, ina cewa, "Kin gani, Hajiya! Kin gani!" Mutane suka taru a kanmu.

Baba Tanimu kuwa ya matso da sauri. Ya dubi Hajiya, ya gane ita ce ta sayi dawa ɗazu, ya ce, "Wallahi Hajiya ban tauye ki ba. Kwanonki cike yake da tozonsa, haka nake auna wa kowa, a tambayi kasuwa."

Ta mayar da gilashinta ta ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ba kama mutane muke yi ba. Nawa daidai ne. Nasa ne nake tambaya, me ya sa ka yi masa wannan lodin?"

Ya ce, "Yo Hajiya, an ce mana za a turo masu duba mudu. Sai ga shi da sikeli. Wa zai ga sikeli ya tsaya a kan daidai? Kuma ai ba saye yake yi ba, in ya gama dubawa juye mini abina yake yi. Ko buhu na ɗora masa, me na rasa?"

Kasuwa ta kwashe da dariya, har da Hajiya Binta wadda ban taɓa ganin haƙoranta ba. Sauran ma'aunan suka riƙa cewa su ma haka suke yi, wani ya ce shi har kwano na musamman ya ajiye mini. Ta juyo ta ce, "Malam Habu, ba ka zauna a gindin mangwaro ba, na yarda. Amma ka zauna a benci, ka bar idonka a gida. Wata ukun nan za a soke su, kuma zan rubuta dalili da sunanka a kai. Riƙe sikelinka." Ban taɓa jin faɗan da ya yi mini daɗi irin wannan ba.

Sai ta tsaya ta yi wa mutanen bayani da kanta, cewa ba laifin kowa muke nema ba, so muke a san abin da kuɗin mutum yake saya masa a nan, don in an tashi faɗin arzikin ƙasa a gwada da na wasu, kada a faɗi abin da ba shi ne ba. Akwai wani tsoho mutumin Tarai a gaban taron, da ɗan buhunsa a kafaɗa, ya zo awon abin da za a ci a gidansa. Ya saurara har ta gama, sannan ya nuna ledar Hajiya da sandarsa, ya nuna tulin da aka auna mini, ya ce, "Yarinya, wato duk watannin nan wancan babban ake kai wa gwamnati a ce shi muke samu?"

Ta ce, "Shi ake kaiwa, Baba."

Ya girgiza kai, ya dube ni ya ce, "To ɗana, buɗe takardarka ina kallo. Rubuta ƙaramin. Shi muke kaiwa gida."

Na buɗe fom a gabansa na rubuta ƙaramin.